Darasi na Tara: Ja-in-jar da Ke Cikin Alminiyum

Duk wanda ya yi hulɗa da masu zubin tukwane, ko masu walda, ko kanikawa a garin Gombe ya taɓa jin wannan ƙorafi: "Wallahi ba a buge shi ba, haka kawai ya tsage." Uwargida ta sayi sabuwar tukunya a Babbar Kasuwa, ba ta cika wata a kan murhu ba sai ga siririn layi a gindin kunne, ruwan miya na tsattsafowa. Direba ya kai rim ɗin motarsa an yi masa walda, ya ɗauki hanyar Kaltungo, bai kai Kumo ba ya sake buɗewa, kuma waldar na nan daram, gefenta ne ya tsage. Bakanike ya kwance kan inji ya tarar ya karkace, alhali motar ba ta taɓa yin karo ba.

Mutanen nan gaskiya suke faɗa, ba a buge shi ba. Sai dai babu ƙarfen da ke tsagewa haka kawai. Mafi yawan irin wannan ɓarna tun ranar da ƙarfen ya huce aka ƙulla ta, ta kwanta a ciki tana jiran lokaci. Darasinmu na yau a kan wannan ƙulli ne: yadda yake shiga, yadda manyan masana'antu ke fama da shi, da abin da mai sana'a a Jekadafari ko Bolari ko Pantami zai iya yi da kayan aikin da ke hannunsa.

Halin wannan ƙarfe

Alminiyum, wanda wasu ke kira sanholo ko goran ruwa, yana narkewa a digiri 660 na ma'aunin Salshiyas. Baƙin ƙarfe sai ya haura digiri 1,500. Wannan sauƙin narkewa shi ya sa gawayi da zuga-zugi suka isa a kafa sana'ar zubi, wadda ta bazu a Afirka ta Yamma bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Nauyinsa kuma kusan kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe.

Akwai halaye biyu da ya wajaba ku riƙe. Na farko, alminiyum yana miƙewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Sanda mai tsawon mita ɗaya, idan zafinta ya ƙaru da digiri 100, za ta ƙara milimita 2.3, ta baƙin ƙarfe kuwa milimita 1.2 kacal. Idan ta huce haka za ta koma. Sandar da aka sauko da ita daga digiri 470 zuwa sanyin ɗaki tana raguwa da kusan santimita guda a kowace mita. Na biyu, ba ya yin ja a wuta. Maƙerin baƙi yana karanta zafin ƙarfensa da ido, daga ja zuwa ruwan lemo zuwa fari. Alminiyum fari yake tun yana da sanyi, fari yake har ya zube ruwa. Mai aiki da shi yana iya ƙona ƙarfinsa kaf bai ga alamar komai ba.

Yadda ja-in-ja ke shiga

Ku dubi bakan maharbi da aka ɗaura wa tsirkiya aka jingine a bango. Ba wanda ke jan sa, ba ya motsi, amma ƙarfi na nan a ciki: itacen na son miƙewa, tsirkiya ta hana shi. Ranar da aka yanke tsirkiyar za a ga abin da ke ɓoye. Haka wani ɓangare na ƙarfe ke iya jan wani ɓangare, su riƙe juna daidai wa daida, abin ya zauna lafiya a ido. Wannan shi ne ja-in-jar ciki.

Ga yadda take samuwa. A ɗauki dunƙulen alminiyum mai kauri, a gasa shi sosai, a jefa cikin ruwan sanyi. Bayan ne ke fara haɗuwa da ruwa, nan da nan ya huce ya nemi tsukewa. A wannan lokacin cikin na nan da zafi, a kumbure, kuma da taushi. Bayan ya matse cikin, cikin ya tokare bayan, kowanne ya ɗan sauya siffa. Can bayan ya sandare ya tsaya. Sai a sannan cikin ke hucewa, shi ma ya nemi tsukewa, amma yana manne da bayan da ya riga ya taurara. Ba inda zai je. A ƙarshe cikin ya zauna a jaye, bayan ya zauna a matse. A manyan ƙirarru masu kauri da aka tsoma a ruwan sanyi, injiniyoyi sun auna jan da ya kai kimanin tan 2 a kan fili mai santimita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi. Wato nauyin buhu 40 na simintin Ashaka, a cikin ƙarfen da ke ajiye ba a ɗora masa komai ba.

Matsewar da ke baya ba ta da illa, tana ma hana tsaga buɗewa. Matsala na zuwa ne idan aka kai dunƙulen injin feƙewa aka cire gefe ɗaya, ko aka huda rami mai zurfi. Ɓangaren da ke riƙe ya tafi, sauran ya murɗe ko ya lanƙwashe, cikin da ke jaye kuma ya fito fili inda iska da raɓa za su same shi. Kamfanonin ƙera jiragen sama na asarar kuɗi mai yawa a kan wannan kaɗai: a sassaƙa babban ƙarfe daidai awo, a kwance shi daga injin, ya banƙare a gaban idonsu.

To me ya kai su tsomawa?

Dole ce ta sa. Tsantsar alminiyum ba ta da ƙarfin kirki, da hannu ma a lanƙwasa ta. A shekarar 1906 wani masanin ƙarafa na Jamus, Alfred Wilm, yana gwaji da alminiyum da ya gauraya da jan ƙarfe kimanin kashi 4 cikin ɗari da ɗan maganiziyam. Ya gasa, ya tsoma a ruwa, ya auna tauri, bai ga abin a zo a gani ba. Bayan kwana biyu da ya sake aunawa sai ya tarar ƙarfen ya taurara da kansa. Daga nan aka sami gaurayen da ake kira Duralumin, wanda aka yi ta ƙera jiragen sama da shi.

Daga baya aka fahimci dalili. Zafi mai yawa yana sa jan ƙarfen ya narke ya ɓace cikin jikin alminiyum, ko da yake dunƙulen bai zama ruwa ba. Saurin hucewa yana tsare shi a nan. Sannan a hankali yake taruwa ƙanana-ƙanana, fiye da abin da ido ko madubin ɗakin gwaji na yau da kullum zai gani, waɗannan ƙwayoyi su ne ke tokare ƙarfen su hana shi sulɓewa. Idan aka bar dunƙulen ya huce a hankali, ƙwayoyin za su yi manya su yi nisa da juna, ƙarfin ya tafi.

Don haka aikin mataki uku ne. Ku ɗauki gaurayen da ake kira 7075, mai tutiya kusan kashi 6 cikin ɗari tare da maganiziyam da jan ƙarfe, wanda kamfanin Alcoa na Amurka ya fitar a 1943. Ana gasa shi a wajen digiri 470, a tsoma shi cikin daƙiƙoƙi, sannan a mayar da shi tanderu mai digiri 120 ya kwana ya wuni, awa 24. Alamar T6 da ake bugawa a jikin kaya tana nufin an bi irin waɗannan matakai. Ƙarfinsa yakan kamo na baƙin ƙarfen gini. Kun ga tarkon: saurin hucewar da ke kawo ƙarfi shi ne ke kawo ja-in-ja. Maƙerin baƙi yana iya kwantar da ja-in-jar ƙarfensa da gashi mai tsanani. Mai alminiyum ba shi da wannan dama, domin zafin da zai kwance ƙullin ya wuce zafin da zai lalata ƙwayoyin.

Tsagar da ke jiran laima

A shekarun 1950 da 1960 rundunonin sama da kamfanonin jirage sun sha fama da wani abu mai ɗaure kai. Manyan ƙirarrun 7075 da ɗan uwansa 7079, irin waɗanda ke riƙe ƙafafun jirgi, suna tsagewa, wasu ma tun suna ajiye. Bincike ya nuna abu uku ne ke haɗuwa: gauraye mai saurin kamuwa, ja mai ɗorewa dare da rana, da laima musamman mai gishiri. Idan ɗaya ya kauce babu tsaga. Idan sun cika uku, tsagar na bin kan iyakokin ƙwayoyin ƙarfen sannu a hankali, wata da watanni, ba tare da tsatsar da za ta tona ta ba.

Ƙira ita kanta tana da hannu. Idan injin matsa ya danne dunƙule, ƙwayoyin cikinsa suna bajewa su jeru hawa-hawa. Ta tsawo ƙarfen ya fi kowane irin zubi juriya. Amma jan da ke neman ɗaga hawa daga kan hawa yana samun hanya a buɗe, musamman a layin da bakin mazubi biyu suka haɗu. A nan tsaga ta fi fitowa.

Maganin da masana'antu suka samo iri-iri ne, kuma kowanne da abin da ake sadaukarwa. Faranti da sanduna akan kama bakinsu biyu da inji a ja su, su ƙara tsawo kashi 1.5 zuwa 3 cikin ɗari jim kaɗan bayan tsomawa. Wannan ja na daidaita ciki da baya, ya kawar da mafi yawan ja-in-jar, kuma shi ake nufi da T651. Ƙirar da siffarta ba ta jawuwa akan danne ta da sanyinta. Wasu akan tsoma su a ruwa mai zafin digiri 60 zuwa 80, ko ruwan da aka haɗa da wani sinadari mai yauƙi, don bayan da cikin su huce kusan tare. A farkon shekarun 1960 aka fito da T73, wato a ƙara wa ƙarfen gashi na biyu da gangan har ya rasa kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na ƙarfinsa, a madadin haka ya daina wannan tsagewa. A ganina wannan shawara ta cancanci kowane mai sana'a ya tsaya a kanta. Mutanen da suka fi kowa buƙatar ƙarfi sun yarda su rage shi don su sami abin da za su amince da shi.

A rumfar masu zubi

Babu tanderun awo ko injin jan faranti a wurin mai zubin tukwane, kuma tukunya ba ta buƙatar T6. Amma dokar ɗaya ce: duk inda wani wuri ya riga wani hucewa, ja-in-ja ta shiga.

Alminiyum yana raguwa da kimanin kashi 6 cikin ɗari na girmansa a daidai lokacin da yake daskarewa. Jikin tukunya siriri ne, yana daskarewa nan take. Gindin kunne da kauri, yana nan ruwa-ruwa. Jikin da ya daskare ya fara tsukewa yana ja, wurin da bai gama kamawa ba ya yage. Wani lokaci yagewar a fili take a mayar da tukunyar wuta. Wani lokaci kuwa siririya ce, goga da fenti mai ƙyalli su rufe ta, sai zafin murhu da sanyin wanki su yi ta buɗe ta har ta kai ga yoyo. Abin da ke rage wannan shi ne kada kauri ya sauya farat ɗaya. A yi wa mahaɗar kunne da jiki gangara mai laushi, a guji lungu mai kaifi. Ƙasar mazubi da ke cikin tukunyar kada a daddale ta ta yi tauri ƙwarai, domin tukunya na tsukewa ne a kanta, idan ta ƙi ba da kai ƙarfen ne zai ba da. Kada a bar narkakken ƙarfe ya daɗe yana cin wuta bayan ya narke. Idan an zuba, a bar tukunya ta huce cikin ƙasarta. Yaron shago da ke fasa mazubi da wuri ya watsa wa tukunya ruwa don a yi saurin kai kaya kasuwa, shi ke shuka tsagar da za ta dawo da mai saye yana faɗa. Da sanyin asubar hunturu abin ya fi muni.

Laima kuma abokiyar gaba ce ta fuska biyu. Ƙasa mai ruwa da yawa ko tarkace mai danshi suna sa iska ta shiga narkakken ƙarfe, ta bar ƙananan ramuka, kowane rami kuma mafarin tsaga ne. Mafi hatsari, ɗigon ruwa da ya shiga ƙarƙashin narkakken alminiyum yana zama tururi nan take ya watso shi a fuska. Ludayin ɗiba, da tarkacen da za a ƙara, a ɗumama su a bakin wuta tukuna, ko da sun yi kama da busassu.

Sai zancen tarkace. Abin da 'yan jari-bola ke kawowa ba iri ɗaya ba ne. Fistin na mota yana da silikon kimanin kashi 12 cikin ɗari. Irin wannan gauraye yana narkewa a wajen digiri 577, yana gudu cikin mazubi sosai, yana daskarewa kusan lokaci ɗaya, ba ya yawan yagewa. Gwangwanin lemo da firam ɗin taga silikon ɗinsu kaɗan ne, suna yawan kashi, kuma sun fi yagewa. Shi ya sa tsofaffin masu zubi ke son kayan inji. Amma a nan akwai abin da bai kamata a ɓoye ba. Tarkacen inji da lagireto yakan zo da dalma ta gaske, wadda guba ce, ta fi cutar da ƙwaƙwalwar yara. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan tukwanen zubi na ƙasar Kamaru ya sami dalma na fita daga jikinsu idan aka dafa ruwa mai tsami. Mai zubin da ke tsoron Allah zai ware tarkacensa: abin da ke da liƙin dalma, ko fenti, ko wanda bai san asalinsa ba, kada ya shiga tukunyar abinci, ko da zai yi zubi mai kyau.

Walda, da abin da bai kamata a yi wa walda ba

Yawancin rim ɗin alminiyum na motoci zubi ne mai silikon kashi 7 cikin ɗari da ɗan maganiziyam, an kuma bi da shi matakan T6. Wutar walda na narka bakin tsagar, ƙarfen da ke gefe kuma ya sha zafin da ya wuce digiri 200, 300, har 400. Ƙwayoyin da ke ba shi ƙarfi sun lalace a wannan zagaye. A gaurayen 6061, wanda ake yin firam da bututu da shi, gefen walda kan rasa kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa ko fiye. Sannan waldar da ta huce tana tsukewa tana jan wannan wurin da ya yi laushi. Ja ya ƙaru, ƙarfi ya ragu, a wuri ɗaya. Ramin hanya na farko ya ƙarasa aikin.

Saboda haka ra'ayina a nan ba shi da sassauci. Rim ɗin da ya tsage a ƙafa ko kusa da ramin noti, hannun birkin babur, da duk ƙarfen da ke riƙe taya ko sitiyari, a canza su. Na san kuɗin sabo ba wasa ba ne, kuma mai walda na jin nauyin ya mayar da mai aiki hannu rabbana. Amma motar haya da ta ɗauko fasinja daga Gombe zuwa Bauchi ko Biu rayuka ta ɗauko. Haka nan rim ɗin da ya lotse aka gasa shi da wutar gas don a miƙar: idan sabulun da aka goga a jikinsa ya yi baƙi, zafin ya kai wajen digiri 400, ƙarfin T6 ya riga ya tafi. Gaurayen 7075 da 2024 kuwa ba a yi musu waldar narkawa kwata-kwata, tsagewa suke yi.

Inda walda ta halatta, kamar murfin inji, akwatin giya, tukunya ko tsani, a nemo ƙarshen tsagar a huda ɗan rami a nan don ta tsaya. A feƙe bakinta, a wanke mai, a goge da burushin ƙarfe marar tsatsa wanda ba a taɓa baƙin ƙarfe da shi ba. Fatar da ke kan alminiyum sai ta haura digiri 2,000 take narkewa, idan ba a kankare ta ba za ta nutse cikin waldar. A ɗumama abin gaba ɗaya kaɗan, a yi amfani da sandar ciko mai silikon irin 4043 a kan kayan zubi, a cike ramin da ke zama a ƙarshen layi, a bar shi ya huce da kansa.

Bakanike ma darasin ya shafe shi. Kan inji na alminiyum a ɗaure yake da kusoshin baƙin ƙarfe da ba sa miƙewa kamarsa. Idan inji ya tafasa a zafin Maris da Afrilu, kan na son faɗaɗa ya rasa wuri, sai ya danne kansa ya karkace. Zuba ruwan sanyi a lagireto a wannan hali tsomawa ce ta gefe ɗaya. A kashe inji, a jira. Wajen kwance kan kuma sai ya huce, a sassauta kusoshi kaɗan-kaɗan daga gefe zuwa tsakiya, a ɗaure daga tsakiya zuwa gefe, bisa awon da kamfanin motar ya bayar.

Aiki

Ku rabu uku-uku. Kowace ƙungiya ta samo tsohuwar tukunyar zubi, ko murfin injin babur, ko rim da aka jefar. Ku wanke shi tas, ku shafe shi da kananzir, ku bar shi minti 20, ku goge bayan ya bushe. Ku dama garin alli da ɗan ruwa ku shafa siriri, ku ajiye a inuwa. Kananzir ɗin da ya shige tsaga zai tsattsafo ya zana layi a kan allin. Da irin wannan dabara ma'aikatan jirgin ƙasa na dā suke duba ƙafafun taragu, kuma a kanta aka gina gwajin jan ruwa da injiniyoyi ke yi yau. Ku yi wannan nesa da wuta.

Ku zana abin a littafi, ku nuna inda kowace tsaga take, ku rubuta ko wurin mahaɗar kauri da siranta ne, ko lungu mai kaifi, ko gefen walda, ko bakin rami. Sannan ku ziyarci mai zubi ko mai walda a unguwarku, ku gaishe shi yadda ya kamata, ku tambaye shi wane tarkace ya fi ba shi wahala, tsawon wane lokaci yake barin tukunya a ƙasa kafin ya fasa, da wane aiki ne yake ƙin karɓa. Ku kawo amsoshin aji mako mai zuwa tare da zanenku.